Mazarin ƙorama: ɗan ƙwaron da ke ba da shaidar lafiyar ruwa

Duk wanda ya taɓa hutawa a bakin gulbi bayan damina, ko a gefen ruwan da ke maƙale cikin duwatsun Abzin, ya san ɗan mazarin nan ja wur da ke zama bisa dutse ko kan karan ciyawa, ya sauke fikafikansa ƙasa kamar mai jin nauyinsu. Idan rana ta take, sai ya ɗaga wutsiyarsa ta dubi sama, don ya rage zafin da ke dukan jikinsa. Yara na binsa da gudu, manya kuwa ba su damu da shi ba. Amma ga masana halittun ruwa, wannan ƙwaro shaida ne kan halin da ƙoramu ke ciki.

Dangi ɗaya, gidaje dabam-dabam

Faransawa na kiran mazari libellule. Dangin da ake magana a kansa masana sun san shi da sunan Trithemis, sunan da Friedrich Brauer na ƙasar Ostiriya ya raɗa masa a shekarar 1868. Yana da iri sama da 40, mafi yawansu a Afirka, kaɗan a Asiya. Tsawon jikinsu bai cika wuce santimita 4 ba. Ko da yake zubinsu ɗaya ne, kowane iri da irin ruwan da ya zaɓa.

Akwai masu son rana da fili. Na farko shi ne arteriosa, ja har jijiyoyin fikafikansa, wanda ake samu kusan ko'ina a nahiyar, daga gulabe zuwa tabkuna. Sai annulata, wanda namijinsa ke da launi tsakanin ja da shunayya, kamar an barbaɗa masa shuni. Na uku shi ne kirbyi, mai faffaɗan tabo ruwan goro a gindin fikafikai, wanda ya fi son tsurar dutse da ƴan kududdufan da gulbi ke bari idan ya janye. Waɗannan ukun sun jure wa ƙasashe masu fari, har cikin tsaunukan Sahara.

Akwai kuma masu son inuwa, galibinsu baƙaƙe ko shuɗɗa masu duhu, irin su aconita da dichroa. Su ba su zama sai a ƙoramar da ke gudana ƙarƙashin itatuwa, a dazuzzukan Afirka. Idan aka sare itatuwan bakin ruwa, rana ta buɗe, sai su ɓace, jajayen su gaje wurin. Don haka yawan jan mazari a wuri ba ya nufin ruwan na nan yadda yake a da.

Rayuwar da ido bai gani

Mazarin da ke tashi sama ƙarshen labari ne. Farkonsa cikin ruwa yake. Namiji kan kama wuri a bakin ƙorama ya kori duk wani namijin da ya kusato. Bayan barbara, tamata na tsoma ƙarshen jikinta a ruwa tana zubar da ƙwai. Abin da ke fitowa daga ƙwan tsutsa ce mai ƙafa shida, marar fikafikai, wadda ke numfashi cikin ruwa ta bayanta. Tana da leɓen ƙasa mai naɗewa wanda take cillawa ta cafke abin da ya gifta, ciki har da tsutsar sauro. Takan yi saɓa sau da yawa, sannan wata rana ta hau kan kara ko dutse, fatarta ta tsage, mazari ya fito. Tsutsar kirbyi na iya kammala girmanta cikin wata biyu, abin da ke ba ta damar riga kududdufi ƙafewa. Masu zama cikin inuwa ba su da wannan gaggawa, shi ya sa suke buƙatar ruwan da ba ya yankewa.

Wasu na ci gaba, wasu na ja da baya

Ɗumamar yanayi ta buɗe wa masu son rana hanyar arewa. An ga kirbyi a ƙasar Sifen a 2007, kuma zuwa 2017 ya isa kudancin Faransa. Sai dai ba haka labarin sauran yake ba. A watan Disamba na 2021 ƙungiyar UICN mai kula da kare halittu ta bayyana cewa, daga cikin irin mazari 6,016 da aka auna a duniya, kashi 16 cikin 100 na fuskantar barazanar ƙarewa, saboda lalacewar fadamu da sarar daji da magungunan ƙwari. Har yanzu kuma ba a gama sanin na Afirka ba: a 2015 kaɗai masana uku sun bayyana sababbin iri 60 a aiki guda.

A Nijar, inda gulbin Maraɗi da gulbin Kaba ke gudu da damina kawai, rairayi kuma na cike kogin Isa, wannan magana ta shafi kowa. Mai garka da ya wanke tankin feshinsa a bakin ruwa yana kashe tsutsar mazari tare da ta sauro. Sauro kan dawo cikin mako guda ko biyu, mazari kuwa sai ya yi watanni, kuma a tsakanin nan babu mai rage ƴaƴan sauro a wurin. Haka nan mai sarar itace a gaɓar gulbi yana buɗe wa rairayi hanya.

Ma'aikatan ruwa da dazuzzuka da malaman lakwal na da abin awo mai arha a hannunsu. Ba ya buƙatar na'ura ko kuɗin waje: a riƙa duba irin mazarin da ke bakin ruwa kowace shekara, a rubuta launinsa da wurin da aka gan shi. Shekarar da wani iri ya daina zuwa, to lokaci ya yi da za a tambayi abin da ya sami ruwan da jama'a da dabbobinsu ke sha.