Sojoji na musamman: su wane ne, kuma wa ke ba su umarni?

Mutumin Madawa, Buza ko Keita da ya ga motar masu kaki a bakin kasuwa, galibi jandarmomi ne ya gani, ko ƴan gardi, ko sojojin bataliya. Waɗanda ake kira « forces spéciales » daban suke. Ba su da yawa, ba aikinsu ba ne tsayawa a shingen hanya, kuma sau da dama sai sun gama aiki ake jin labari.

Babban bambancin yana wajen umarni. An raba rundunar sojan Nijar yanki-yanki, jahar Tawa ita ce yanki na 4. Su kuwa sojoji na musamman suna da tasu hukumar, Commandement des opérations spéciales, wato COS, mai amsa umarnin babban hafsan sojoji a Yamai. Dalilin a fili yake: idan aka samu labarin inda ƴan bindiga suka kwana, awa biyu ta isa su ɓace. Takardar da za ta bi ofis biyar ba ta kama kowa. Janar Musa Salau Barmu ne ya shugabanci COS, kafin ya zama babban hafsan sojoji bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Aikinsu shi ne leƙen asiri a bayan abokan gaba, farmakin ba-zata, kama jagororin ƙungiyoyi, da kuɓutar da waɗanda aka yi garkuwa da su. Jahar Tawa ta ga misali a kusa. A ƙarshen Oktoban 2020 aka sace wani Ba'amurke a Masalata, dab da Birnin Ƙonni, aka ƙetara da shi Najeriya. Ran 31 ga watan, sojoji na musamman na Amurka suka dira da dare suka ɗauko shi da ransa.

A arewacin jahar kuma akwai Tiliya. Ran 21 ga Maris 2021 mahara suka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin, bisa lissafin gwamnati. A watan Yuli na wannan shekara aka buɗe cibiyar horar da sojoji na musamman a garin, da taimakon Jamus, wadda sojojinta ke koyar da na Nijar tun 2018 a shirin Gazelle.

Yau waɗancan masu horon sun tafi: Faransawa a Disamban 2023, Jamusawa da Amurkawa a 2024. Horo da jiragen leƙen asiri sun koma wuyan Nijar da sababbin ƙawayenta. Ga manomin Bangi da ke kan iyakar Najeriya, inda ɓarayin shanu da masu garkuwa ke shigowa, akwai abin da ya kamata a faɗa ba kwana-kwana: sojoji na musamman suna kai farmaki ne su janye. Gadin ƙauye dare da rana yana hannun jandarma, gardi da sojan bataliya.