Taron da Ba a Shimfiɗa wa Tabarma

Mu a nan zango in aka ce taro, abin da muka sani shi ne a share ƙofar gidan sarki, a shimfiɗa tabarmi, a raba goro. To, ga shi samarinmu masu aikin kwamfuta sun zo mana da wani iri, wanda kowa zai halarta daga ɗakinsa, wani a Nima, wani a Kumasi, wasu kuma a Kano da Yamai da Garwa. Mun zauna da su sau uku ana tsara shi, kuma mun tarar aikin ya fi shimfiɗa tabarma wuya.

Abin da ya haɗa su shi ne buɗaɗɗiyar manhaja, wato irin wadda masu ita suka bar asalin rubutunta a fili, kowa ya duba, ya gyara, ya ba wani. Richard Stallman ne ya ɗaga tutar wannan aƙida a Amurka a 1983, sannan a 1991 wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya fito da Linux. Tunda ƙofa a buɗe take, ba mai hana Bahaushe ya mayar da manhajar Hausa, kuma wannan ne nufin yaran.

Ba su ne farau ba. Masu manhajar Debian sun shirya taronsu na 2020 a Haifa, annobar korona ta sa suka mayar da shi intanet a watan Agusta. Haka ma FOSDEM, wanda dubban mutane kan cika a birnin Brussels, a Fabrairun 2021 ta intanet aka yi shi. Dabarar da suka yi ita ce mai jawabi ya naɗi jawabinsa tun da wuri, ranar taro a sa, shi kuwa ya tsaya amsa tambayoyi kawai. Wannan ta yi mana daidai, domin mun san halin wutar lantarki a nan, ba ta sallama in za ta tafi.

Inda aka fi jan magana shi ne lokaci. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gabanmu da awa ɗaya, Sudan da awa biyu. In muka ce ƙarfe 4 na yamma, bayan La'asar ɗinmu, to a Khartum ƙarfe 6 ne, Magariba ta kawo kai ko ma ta yi. Juma'a kuwa ba a ma kawo ta ba. Aka tsaya a kan Asabar ƙarfe 9 na safe, awa ɗaya ba ƙari. Wani abin da ya ba mu dariya: agogon da masu manhaja na duniya suke rubuta lokacin taro da shi, UTC, ashe daidai yake da na Ghana. Ko ba komai, a nan dai mu ba mu da lissafi.

Manhajar taron Jitsi ce, ita ma buɗaɗɗiya. An ce kowa ya rufe kyamararsa, saboda hoto ne ke cinye data, kuma yawancin yaran daga aljihunsu suke saye.

Babban batun ranar shi ne haruffa masu ƙugiya. Ɓ da ɗ da ƙ ba gardama a kansu. Amma Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, mu kuwa da muka tashi da Hausa a baki, makaranta kuma da Turanci, ba mu da tsayayyen ɓangare. In ba a daidaita ba, wanda ya nemi “'yanci” a cikin manhajar ba lalle ya sami “ƴanci” ba. A ganinmu kada a bar wa samari wannan su kaɗai. An nemi malamai biyu da suka san boko da ajami, kuma an sa yaro guda ya je gidan kowannensu da waya tun ƙarfe 8 da rabi.