Koyar da Tarihin Sifaniya a Kano: Daga Garnaɗa Zuwa Kasuwar Singa

Gabatarwa

Malamin da aka ɗora wa koyar da tarihin Turai yakan koka da rashin kayan aiki. Littattafan na Turanci ne, ga tsada, ga sunaye masu wuyar faɗa. Saboda haka ɗalibi yakan haddace shekaru don jarrabawa, ya watsar da su washegari. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa, game da tarihin Sifaniya daga 1469 zuwa 1614, akwai kayan koyarwa iri uku kusa da malamin Kano, watau littattafan zaure, da rubuce-rubucen matafiya, da kuma hajar Kasuwar Singa da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari.

Tarihin a Taƙaice

A cikin 1469 Fadinan na Aragon ya auri Izabela ta Kastil, auren da ya zama sanadin haɗuwar manyan masarautu biyu na Kirista. Ran 2 ga Janairu, 1492, Garnaɗa, wadda ita ce daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗa hannunsu. A wannan shekara aka kori Yahudawan da suka ƙi barin addininsu, a cikinta kuma Kolombus ya isa Amurka da jiragen Sifaniya. A 1502 aka ba Musulmin Kastil zaɓi, ko su shiga Kiristanci ko su bar ƙasar. Waɗanda suka zauna, da zuriyarsu, su ake kira Moriskawa. A 1567 Sarki Filibus na Biyu ya hana su harshen Larabci da tufafinsu na gargajiya, abin da ya jawo tawayen 1568 zuwa 1571. Daga 1609 zuwa 1614 aka kore su baki ɗaya, kimanin mutum 300,000.

Ya kamata malami ya jera waɗannan shekaru kusa da na gida. Sa'ad da Garnaɗa ta faɗi, Muhammadu Rumfa (1463-1499) ne ke sarautar Kano, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. A wajajen wannan lokaci Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya iso Kano ya rubuta wa Rumfa nasiha a kan sha'anin mulki. Da zarar ɗalibi ya gane cewa Izabela da Rumfa 'yan zamani ɗaya ne, shekarar 1492 ta samu mazauni a zuciyarsa.

Littattafan Zaure

Yawancin ɗalibai sun san Ishiriniya tun suna yara, amma kaɗan ne suka san cewa mai ita, Alfazazi (ya rasu 1230), mutumin Ƙurɗuba ne. Ibn Malik mai Alfiyya haifaffen Jayyan ne, Ibn Asim mai Tuhfatul Hukkam alƙalin Garnaɗa ne, Alƙali Iyal mai Ashafa shi ma ya taɓa alƙalanci a can. Tarihin Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Muhammadu Kisoke (1509-1565) Shehu Tunus ya kawo Ashafa. Ke nan a daidai lokacin da ake ƙone littattafan Larabci a Garnaɗa ana hana mutanenta karatu, ilmin Andalus yana samun gindin zama a zaurukan Kano.

Akwai wani abin da ya fi wannan kusa da mai nazarin harshe. Da Larabci ya fara suɓuce wa Moriskawa, sai suka shiga rubuta Sifaniyanci da baƙaƙen Larabci, suna ɓoye takardun a bango da rufin ɗaki. Sunan wannan rubutu alhamiyado, kalmar da ta fito daga ajamiyya ta Larabci, watau tushe ɗaya da ajami. Ɗalibin da ya iya karanta ajamin Hausa zai fahimci halin da suka shiga fiye da wanda bai taɓa ganin allo ba.

Matafiya da Mayaƙa

Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan, wanda Turawa ke kira Liyo Afirkanus, an haife shi a Garnaɗa, iyayensa suka yi hijira da shi zuwa Fas. A 1518 'yan fashin teku suka kama shi suka kai wa Paparoma Liyo na Goma. Littafinsa na bayanin Afirka, wanda ya gama a 1526 aka buga a Banis a 1550, ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. A ciki ya ce Askiya na Sanwai ya ci Kano da yaƙi ya aza mata haraji, alhali Tarihin Kano bai ambaci haka ba, kuma wasu masana suna shakkar ko ya taɓa taka ƙasar Hausa. Wannan saɓani ai abin nema ne ga malami. Sai ya ajiye wa ɗalibai bayanan biyu, ya tambaye su wane ne ya gani da ido, wane ne ya ji a bakin fatake, wa kuma ke da dalilin yin shiru. Tarihin Kano yana nan da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Na biyu shi ne Judar Basha, haifaffen Sifaniya, wanda Sarkin Maroko Ahmad Almansur ya ba jagorancin runduna ta kimanin mutum 4,000, da yawansu 'yan asalin Andalus masu bindiga. A 1591 suka karya Askiya Ishaƙa na Biyu a Tondibi, labarin da Abdurrahman Assa'adi ya kawo a Tarikhus Sudan. Masana tarihi da dama suna ganin rushewar Sanwai ta taimaka wajen karkato fataucin Sahara zuwa gabas, ta Agadas zuwa Katsina da Kano. Fagge kuwa, kamar yadda aka sani, tsohon zango ne na ayarin Buzaye a bayan ganuwa.

Hajar Kasuwar Singa

Kasuwar Singa, wadda ta samo sunanta daga kamfanin kekunan ɗinki na Singer, a yau cibiyar sarin kayan masarufi ce. Malamin da ya kai ɗalibansa can ya sa su rubuta abin da ke cikin shaguna, zai koma aji da darasin mako guda.

Alal misali, tumatirin gwangwani. Tumatir ba a san shi a Turai ko Afirka ba kafin 1492. Mutanen Sifaniya ne suka ɗauko shi daga Meziko bayan sun ci daular Aztek a 1521, har da sunansa. Haka koko da ake haɗa kayan shayi irin su Milo da Bournvita, da masara, da gyaɗar da ake matse mai daga gare ta, da taba, duk tsirran Amurka ne da jiragen Sifaniya da na Fotugal suka baza a duniya. Sukari kuwa hanyarsa akasin wannan ce. Larabawa suka kai noman rake Andalus, don haka sukari na Hausa da asukar na Sifaniyanci duk daga sukkar na Larabci suka fito. Kolombus ya ƙetara da rake a tafiyarsa ta biyu a 1493, daga baya gonakin rake na Amurka suka zama babban dalilin jigilar bayi daga Afirka ta Yamma. Hatta riyal da alhazai ke canzawa a Wapa, cikin Fagge, sunansa daga riyal na Sifaniya ya samo asali, kuɗin da aka riƙa bugawa da azurfar Amurka, musamman ta dutsen Fotosi da aka gano a 1545.

Kammalawa

Waɗannan kaya ba za su maye gurbin littafin tarihi ba, domin buhun sukari ba ya bayanin yadda majalisun Kastil suke aiki, ko yadda sarakunan Sifaniya suka yi ta cin bashi duk da tarin azurfarsu. Amfaninsu shi ne su buɗe ƙofa, su sa ɗalibi ya yi tambaya kafin a ba shi amsa. Haƙƙi ne a kan sassan Hausa da na tarihi a jami'o'i da kwalejojin ilmi su haɗa hannu, su fassara bayanin Alwazzan a kan ƙasar Hausa, su daidaita rubutun waɗannan sunaye da Hausa, su kuma shirya ɗan littafi da taswira wanda malamin sakandare zai iya riƙewa ya shiga aji da shi.