Tilansiya: Shukar da Ba Ruwanta da Ƙasa

Duk wanda ya tashi a Tsiga ko ƙauyukan Bakori ya san kauci, wanda ke fitowa a reshen ɗorawa ko kaɗanya. Shi ya sa idan aka nuna wa ɗanmu hoton tilansiya maƙale a jikin itace sai ya ce, "Ai kauci ne." To, kama da wane ba ta wane. Kauci yana kafa jijiya cikin reshe yana tsotse ruwan bishiya har ta ƙanjame. Ita kuwa tilansiya wurin zama kawai take nema. Saiwarta ta riƙo ce, ci da shanta duk ta ganye ne.

Dangin abarba ce. Wannan dangi na buromiliyad ya haura iri 3,000, kusan dukansu 'yan nahiyar Amurka ne, in ban da guda ɗaya da ke fitowa a duwatsun ƙasar Gini. Farin-farin nan da ake gani a ganyenta kamar an barbaɗa toka, wasu 'yan ƙananan ɓawo ne masu kama ruwa da ƙura daga iska. Wata irinta mai faffaɗan ganye a nannaɗe, ta Meziko da Gwatamala, an yi ta tsinkarta a daji ana sayarwa har sai da aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES a 1992. Saboda haka in za ka saya, tambayi mai furanni ko renonta aka yi.

Babban abin da ke kashe ta shi ne hannun manomi. Mun saba shuka sai da ƙasa da taki, ita ko da ka binne gindinta ruɓewa za ta yi. Ɗora ta kan busasshen icce ko ka rataye ta da zare kusa da taga, inda akwai haske da iska amma ranar tsaka ba ta dukanta. Kada ka ɗaure ta da wayar lantarki da aka feɗe, don jan ƙarfe guba ne gare ta.

Batun ruwa kuwa, sau ɗaya a mako ka tsoma ta gaba ɗaya cikin kwano na minti 20 zuwa 30. Ka ciro, ka kakkaɓe, ka kifa ta, ta bushe cikin awa huɗu. Ruwan da ya kwanta a tsakiyarta shi ne ajalinta. Da safe ake yi, domin da dare take buɗe ƙofofin numfashinta. Ruwan sama ya fi. In na famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe.

Sai ka bi yanayinmu. Da hunturu da bazara iska a bushe take, ga ƙura, sai ka ƙara zuwa sau biyu. In ka ga ganyen yana ƙara naɗewa, bakinsa na ƙonewa, ƙishi ne. A tsakiyar damina, musamman Agusta, rage hannu ka bar taga a buɗe.

Sau ɗaya take fure a rayuwarta, daga nan uwar ta fara ja da baya, tana fitar da 'ya'ya a gindi kamar ayaba. Bari ɗa ya kai sulusi ko rabin uwar kafin ka cire shi. Da haka guda ɗaya za ta ishi 'yan ɗaki, in hutu ya zo kuma cikin kwali za ka tafi da ita gida.

Wanda bai samu ba, ya fara koyo da 'yar'uwarta. Karɓi kan abarba wurin mai kayan marmari, cire ganyen ƙasa, bar shi ya sha iska kwana biyu, ka dasa a tukunya mai huji. Ita dai abarba tana son ƙasa, amma a nan za ka koyi taƙaita ruwa kafin ka zuba kuɗinka a kan mai tsada.