Sarautar Da Ke Ƙarewa Da Cajin Waya

A fim ɗin Matrix na 1999, na'urori sun kwantar da mutane suna cusa musu duniyar bogi a ƙwaƙwalwa, su kuwa sun ɗauka gaske ce. A cikinta jarumi kan lanƙwashe ya kauce wa harsashi. Ba a daɗe ba 'yan barkwanci suka far masa: a Shrek na 2001, gimbiya ta tsaya cak a iska tana gyara gashi ana tsakiyar faɗa.

Mu ma mun san wannan shaƙiyanci, don marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi wa mawaƙi Awilo irinsa.

To 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, ga dama ta samu. Ku sa yaron Sakajiki ya ɗaura tabarau na kwamfuta, ya wayi gari sarki, ana jera masa kaji. Zai kai loma ke nan caji ya ƙare, sai ga Inna da bokiti: "Tashi ka ɗebo ruwa!"

Mu da aka rufe wa layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021 mun ga yadda duniyar cikin waya ke ɓacewa dare ɗaya. Ku rubuta wasan, 'yan ajinku su yi dariya, su kuma tuna jarrabawa na tafe.