Kunya Daban, Tsoro Daban

 Yau za mu tattauna ne a kan wani abu da ba a sayensa da kuɗi, amma yana iya gyara wa mace al'amari ko ya ɓata mata shi, watau yadda take tsayuwa da zama da duban mutane.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, ba fuska kaɗai ba, kafaɗa da wuya da hannu duk sukan riga baki magana. Dubi macen da ta kai ɗanta asibiti. Ta shiga wurin likita a takure, ta ɗosana a bakin kujera, kai a ƙasa, tana murza gefen mayafi. An tambaye ta yaushe zazzaɓin ya fara, ta amsa can cikin maƙoshi. Ga layi a waje, sai likita ya rubuta magani ya sallame ta, alhali ba ta faɗa masa yaron yana amai ba, ba ta kuma tambayi sau nawa za a ba shi maganin ba. Haka ita ma 'yar makarantar da ta san amsa sarai, amma ta noƙe a bayan aji har malama ta ɗauka ba ta gane komai.

Kada ki ce muna hana kunya. Durƙusawa a gai da manya da sunkuyar da kai a gaban surukai ladabi ne, kuma ado ne ga 'ya mace. Amma kunya tana da wurinta. Abin da zai hana ki faɗin ciwonki ga likita, ko haƙƙinki a gaban alƙali, wannan tsoro ne.

Masana ma sun bincika wannan batu. A shekarar 1982 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, John Riskind da Carolyn Gotay, sun sa wasu mutane su zauna a ranƙwafe, wasu kuma a miƙe, kana suka ba su wani aikin wasa ƙwaƙwalwa mai wuya. Waɗanda suka ranƙwafa su ne suka fi saurin karaya. A 2010 kuma Amy Cuddy ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta suka gwada mutum 42, suka ce tsayuwar gadara ta minti biyu tana sauya sinadaran jiki. Amma da aka sake gwajin da mutum 200 a birnin Zurich, sakamakon da ya fito a 2015 bai nuna wannan sauyi ba, sai dai mutanen sun ce sun ji ƙarin ƙarfin hali. Ke nan miƙewa ba laya ba ce, ba za ta ci miki jarrabawar da ba ki yi karatunta ba, amma tana taimakon zuciya.

Akwai kuma dalili na zahiri. A ƙarƙashin huhu akwai wata tsoka mai faɗi wadda ke jawo iska ciki. In kin ranƙwafa kin matse ta, numfashi ya gajarta, murya ta fito a shaƙe tana rawa. Daɗin daɗawa, kan babban mutum ya kai nauyin kilo 5, saboda haka yawan sunkuyar da shi, ko a kan keken ɗinki ko a kan wayar hannu, yana gajiyar da wuya da kafaɗa.

Gyaran ba shi da wuya. Duk wadda ta taɓa ɗaukar tulu a kan gammo ta san yadda jiki ke miƙewa da kansa. Ki tuna da wannan tsayuwa ko ba kaya a kanki. Kowace safiya ki jingina da bango, mazaunai da kafaɗu da ƙeya duk su taɓa shi, na minti ɗaya, sa'an nan ki taka a haka. In za ki zauna, ki shige kujerar sosai, tafin ƙafa biyu a ƙasa, hannuwa a kan cinya. Kafin ki yi magana ki ja numfashi a hankali. Ba sai kin zuba wa mutum ido ba, ya isa ki ɗaga kai ki dubi fuskarsa kaɗan, ki yi maganarki yadda zai ji.

Ku kuma iyaye, a kula da yarinya in ta fara ƙirgen dangi. A lokacin ne da yawa suke fara duƙar da kafaɗa don ɓoye ƙirji, musamman in ana yi musu ba'a a gida. A hana ba'ar, a ɗinka mata sutura mai yalwa, a saya mata rigar mama daidai jikinta. In tana magana a saurare ta har ta kai aya, a daina yawan ce mata "rufe mana baki". Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yarinyar da aka saurara a gida ita ce za ta iya ɗaga hannu a aji.

Sai mako mai zuwa. A huta lafiya.