Ƙarshen Labari Shi Ne Hukuncin Marubuci

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba dalilin da ya sa marubuci yakan zaɓi inda zai ajiye gajeren labarinsa. Mu dai a ganinmu, a ƙarshen ne yake yanke hukunci a kan mutanen da ya ƙaga, kuma wannan hukunci shi ne yakan zauna a zuciyar mai karatu.

Malaman Balaga sun daɗe da lura da wannan. Alƙazwini, wanda ya rasu a shekara ta 1338, ya bayyana a littafinsa Talhisul Miftahi cewa wurare uku ne ya kamata mai magana ya kyautata: mabuɗi, da inda zai ratsa zuwa ga manufarsa, da kuma rufewa. Hujjarsu game da rufewa ita ce, abin da kunne ya ji daga ƙarshe shi ya fi daɗewa a rai.

Mu ɗauki Muƙamatul Hariri da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Labarai 50 ne gajeru, kuma a mafi yawansu Abu Zaidi yakan yaudari jama'a da zaƙin baki, ya karɓe musu dukiya, ya sulale. Da Hariri ya tsaya nan, da almajiri ya ɗauka zamba sana'a ce mai riba. Amma a muƙama ta ƙarshe, a birnin Basra, sai ya sa shi ya tuba ya koma ga ibada. Wannan tuba ita ta sāke ma'anar duk abin da ya gabata.

Haka Alhaji Abubakar Imam ya yi a littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937. Aku ya yi ta riƙe Musa ɗan Sarki da labarai don kada ya faɗa tarkon Waziri. Daga ƙarshe asirin Waziri ya tonu, aku ya sami muƙaminsa. Ma'aikacin da aka ba amanar ofis ya san da wa ake magana.

Kada a zaci kyakkyawan ƙarshe shi ne mai daɗi kawai. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, uwar Umar ta sha wuyar bauta tana neman ɗanta, kuma ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Da marubucin ya komo da su gida cikin murna, da ya rage munin cinikin bayi. Gaskiya ce ta hana shi.

Ko tsofaffinmu mata a Fakku da Kebbe da Tambuwal suna da nasu tsari. Idan tatsuniya ta ƙare sukan rufe da ƙurunƙus, don yaro ya san an fita daga duniyar Gizo, ya riƙe darasin ya bar ƙaryar.

Saboda haka muna jan hankalin ɗan kasuwa da ma'aikaci: kafin ka saya wa iyalinka littafin labari, duba yadda ya ƙare. In mazambaci ya tsira da dukiyar mutane ana yi masa tafi, to, ka san irin karatun da ka kai gidanka. Su kuma marubuta su tuna alƙalami amana ne. Ya zo a hadisin da Buhari ya ruwaito cewa ana duban ayyuka ne da abin da aka cika a kansa.

Allah Ya sa mu cika da imani, amin.